Matar da Katinta Ya Ƙare

Kawu,

Gaisuwa da ladabi daga 'yarka Auta. Ina fata gwiwar nan ta bar ka ka huta, kuma kana ɗiga maganin kunnen da likita ya rubuta, ba ajiye shi ka yi a kan taga ba kamar na bara. Idan ka leƙa gidanmu ka gaishe min da Umma. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon wuya na yawan sunkuyo a kan teburin yanka.

Na so in kira ka a waya, amma na san yadda za mu ƙare, ni ina ta ihu kai kana tambayar wa ke magana. Shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kawu, aiki ya ja baya a shago. Makarantu biyu da muke ɗinka wa kayan ɗalibai sun koma wani wuri, yanzu keke huɗu ne ke juyawa a cikin bakwai. Oga, wato abokinka Dogo, ya ce tun da ni ce mai yanka kuma na fi kowa sanin kayanmu, ni zan riƙa zuwa taron masu ƙananan sana'o'i da ake yi a zauren wani otal kowace Asabar ta farkon wata, in nemo mana masu ba da aiki. Ya ce idan ba a samu sabon aiki ba kafin wata uku, zai rage mutane.

Na je na farko. Kawu, awa biyu na yi a jikin ginshiƙi riƙe da kofin shayi har ya huce. Kowa da takarda manne a ƙirji mai sunansa da na wurin aikinsa, kowa na dariya da wani kamar tare aka haife su. Mutum ɗaya na yi wa magana, shi ma mai zuba shayin ne, na ce masa na gode. Katin shagonmu ashirin na tafi da su, ashirin na dawo da su.

Ka yi shekara talatin kana shiga shagunan da ba ka san kowa ba kana sayar da keken ɗinki. Don Allah ka faɗa min, me mutum yake fara cewa?

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, kunne kuwa ya fi jin abin da ba a faɗa ba. Ummanki lafiya lau, ta ce ki daina yanka a tsaye ba takalmi.

Na yi dariya da labarin ginshiƙi, don ni ma ranar da na fara fita talla, kewaya kasuwa na yi sau uku na koma gida na ce wa kakarki an rufe shaguna. Saboda haka ba ciwo ba ne, rashin sabo ne.

Ga abin da na sani. Ki je da wuri, tun zauren bai cika ba. Mutum biyar sun fi sauƙin gaisarwa a kan hamsin, kuma duk wanda ya shigo daga baya zai ɗauka ke 'yar gida ce. Ki tsaya kusa da teburin shayi, kowa sai ya biyo ta nan. Kada ki kutsa cikin mutum biyu da suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Ki nemi wanda ke tsaye shi kaɗai yana latsa waya ba don yana da abin dubawa ba, wannan irinki ne, jira yake a cece shi.

Kada ki fara da kayanki. Ki gaisa, ki ce, wannan ne zuwanka na farko? Ko ki tambaye shi me ya fi ba shi wahala a sana'arsa kwanakin nan. Ban taɓa ganin mai sana'ar da ya ƙi amsa wannan ba. Ki saurara da gaske, ki riƙe abu ɗaya daga bakinsa don wata mai zuwa, ko da ciwon ɗansa ne ko injin da ya lalace. Sai ya tambaye ki naki aikin sannan ki fito da kati. Idan hira ta mutu kada ki tsaya kina jan gawarta, ki ce kin ji daɗin saninsa, za ki gaisa da wasu, ki wuce.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duka. Irin wannan taron ba masu neman aiki kaɗai ke zuwa ba, akwai masu zuwa tsintar labari. Duk wanda kuka rabu ya san abu goma a kanki ke ba ki san ɗaya a kansa ba, ki sa masa ido. Na san su, don ni ma na yi irin wannan lokacin da nake son sanin wane shago ne kekensa ya tsufa.

Ki gaishe da Dogo. Ki tuna ni na kai ki wurinsa da hannuna.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kowa lafiya. Wuyan ya yi sauƙi tun da na sa bulo na ɗaga teburin.

Albishirinka, na yi magana da mutum huɗu. Na isa ana jera kujeru, na tsaya inda ka ce. Na farko wani mai gyaran firij ne, da na tambaye shi wahalar sana'arsa sai da na yi da na sani, minti ashirin yana ba ni labarin gas. Sai wata mai makarantar yara da ta karɓi katinmu ta ce za ta yi tunani, sai wani mai buga takardu.

Ta huɗun ita ce labari. Wata mata ce babba, za ta kai sa'ar Umma, da jar jaka a hammata. Ina shirin yi mata tambayarka sai ta riga ni. Ta kalli hannuna ta ce, “Ke mai yanka ce, kuma da hagu kike riƙe almakashi.” Na ce yaya aka yi ta sani. Ta nuna kantar da ke babban yatsana. Kawu, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ta tambaye ni shekara nawa nake yanka, wa ya koya min, yaya nake yi kwalar rigar yara take kwanciya ba ta tashi bayan wanki. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan, har Oga. Muka ja kujeru muka zauna, na buɗe mata littafinmu ta duba shi shafi-shafi, har ta ɗauki hoton shafi biyu da wayarta. Kusan awa guda muka yi.

Da za mu rabu na ba ta katinmu. Ta laluba jakarta ta ce ayya, nata sun ƙare, amma tana zuwa kowane wata, za mu haɗu. Takardar ƙirjinta kuma mayafi ya rufe, kunya ta hana ni cewa ta ɗaga.

Na dawo ɗaki ina jin kamar na ci jarrabawa. Na gode, Kawu. Oga ma da na ce masa na ba da kati huɗu, ya ce ba laifi.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don takardarki ta hana ni cin abincin rana.

Sau uku na karanta. Na san mai firij yana da matsalar gas, na san ɗaya tana da makaranta, ɗaya yana buga takardu. Matar da kika yi awa guda da ita fa, me take yi? Ba ki rubuta ba, kuma ina jin ba ki sani ba. Ba suna, ba kati, ba sana'a. Ita kuwa ta tafi da sunanki da na shago, da hannun da kike yanka da shi, da sirrin kwalarki.

Sannan littafi. Auta, littafin Dogo na san shi tun yana da keke ɗaya, baƙin nan mai sunayen duk masu ba shi aiki da lambobinsu da wanda ake gani a kowace makaranta. Ko matarsa ba ya bari ta taɓa. Ke kika ɗauke shi zuwa otal, kika buɗe wa baƙuwa, ta ɗauki hoto? Makarantu biyun da suka bar ku, kina tsammani iska ce ta kwashe su?

Ki ba ni amsa ta hannun direba a dawowarsa ta jibi. Ki faɗa min waɗanne shafuka ne, kuma ko Dogo ya sani. Kada ki sake yi mata magana kafin ki ji daga gare ni.

Kawunki

*

Auta,

Yau kwana ashirin da uku ban ji daga gare ki ba. Direban bai ƙara biyowa ta layinmu ba, a tasha kuma kowa da abin da yake faɗa. Na sa Ummanki ta kira ki, ta ce kin ce lafiya lau, kina cikin aiki. Ban gaya mata komai ba don kada hawan jininta ya tashi. Amma na san ki, idan kin yi laifi shiru kike yi, tun kina ƙarama.

Wani taron ya riga ya wuce, kuma na tabbata kin je. Na kasa zama. Na rubuta wa Dogo ta gidan waya, na ce ya kira masu ba shi aiki ya ji ko wani ya tuntuɓe su, don wata mata ta ga littafinsa. Na roƙe shi ya bi ki a hankali, na ce yarinta ce ba mugunta ba. Gara ki ji haushina da a ce shagon mutumin da ya riƙe ki ya rushe ta hannunmu.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai akwai.

Takardunka biyu jiya suka zo min tare. Motar direba ce ta lalace, ta yi sati uku a gareji da takardarka ta farko a aljihun gaba. Wadda ka aika wa Oga kuwa ba ta yi latti ba, ta riga su da kwana huɗu.

Ina cikin shimfiɗa yadi ya shigo ya ajiye ta a kan teburina. Ya ce in ba shi makullin kabad. Kekuna huɗun nan duk suka tsaya. Na ce me ya faru. Ya ce, “Kawunki da kansa ya rubuto. Shekara talatin na san shi, bai taɓa yi min ƙarya ba.” Na karanta a tsaye. Na rantse masa baƙin littafin bai taɓa fita daga kabad ba. Ya ce in je gida in huta sati biyu har ya gama bincike. Na ɗauki almakashina na fita, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle ni.

Kawu, littafin da na nuna mata na samfur ne. Ni na haɗa shi da hannuna, ƙyallayen yadi da kwala da aljihu manne a shafuka, don a nuna wa mutane aka yi shi, Oga da kansa ya ce in riƙa tafiya da shi. Kalma ɗaya na bari ban rubuta ba, kai kuma ka cike gurbin da abin da ya fi muni. Ka ce idan na yi laifi shiru nake yi. Ban yi shiru ba, ban san ana tambayata ba ne. Da Umma ta kira, me ya hana ka ce ta tambaye ni wane littafi?

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, matar ta fara damuna tun kafin wannan. A taro na uku ta zo ta same ni da fara'a, ta tambayi wuyana. Can cikin hira ta ce, har yanzu ku ke yi wa makarantar nan mai shuɗiyar kwala? Ni ban taɓa ambata mata wannan makaranta ba, kuma babu sunanta a littafin samfur. Na ce ta ba ni katinta, ta sake laluba jaka ta ce ta manta ba ta karɓo daga wurin bugawa ba. Na tambayi mai firij ko ya san ta, ya ce yana ganinta dai, amma ita ma tambaya take yi masa.

Asabar ta farkon wata mai zuwa akwai taro. Oga bai aike ni ba, amma zan je. Don Allah kada ka rubuta wa kowa komai.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba.

Laifina ne, ba na direba ba. Na ɗauki tsoron da ke cikina na sa masa sunanki na aika wa mutumin da ke ba ki aiki. Kin ce kada in rubuta wa kowa, amma wannan ɗaya dole ce: na rubuta wa Dogo cewa ni na karanta ba daidai ba, ke ba ki taɓa littafinsa ba, idan akwai wanda za a kora a cikin zumuncin nan ni ne. Na kai ta gidan waya da ƙafata.

Ki yafe min. Sai dai a kan matar ban janye ba. Kati ba ya ƙarewa wata biyu a jere. Idan kin je, ki tsaya inda mutane suke, kuma ki bar ta ita ta yi magana.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fata kana lafiya, kai da gwiwar. Na yafe maka, tun ranar da na karanta. Amma ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka ɗauki biro.

Na je taron. Tana shigowa na tare ta tun ba ta kai teburin shayi ba. Muka gaisa, na ce, “Sau biyu muna hira, kin san hannun da nake yanka da shi, ni ko sunanki ban sani ba. Mene ne aikinki?”

Ta dube ni, sannan ta ce mu zauna. Ta ce shagon ɗinki gare ta, keke goma sha biyu, kayan makaranta da na asibiti, irin namu sak. Na ce to me ya sa ta ɓoye. Ta ce duk ranar da ta miƙa wa ma'aikacin wani shago katinta, daga ranar ba ya ƙara tsayawa kusa da ita. Na ce makarantar mai shuɗiyar kwala fa? Ta ce jikarta ce ke can. Shekara uku tana ganin rigar yarinyar tana shan wanki kwalar ba ta tashi, har ta taɓa farke ɗaya don ta ga yadda aka yanka. Sunan shagonmu yana jikin wuyan rigar, da ta gan shi a ƙirjina ta san ta samu mai hannun.

Na tambaye ta hotunan da ta ɗauka. Ba ta yi musu ba. Ta ce ta kai wa mai yankanta ya kwaikwaya, ya ɓata yadi har sau uku bai samu ba. Na ce wannan ai sata ce, da ta yi nasara da ban sake ganinta ba. Ta ce gaskiya ne. Na ce ta goge su, ta goge a gabana, ko tana da wasu a wani wuri Allah ne masani. Makarantu biyun da suka bar mu kuma ta rantse ba wurinta suka koma ba, ta faɗi shagon da suka koma, na bincika daga baya na tarar haka ne. Sannan ta buɗe jar jakar ta ciro kati daga cikin damin da ya fi hamsin, ta ce tana neman mai yanka.

Na karɓi katin na ce zan yi tunani. Na tashi na ci gaba da gaisawa da mutane, har na samu wani mai ƙaramin asibiti da ke neman rigunan ma'aikata talatin. Katin shagon Oga na ba shi, ya kuma zo.

Takardarka ta isa wurin Oga, ya kira ni ya ce in dawo, komai ya wuce. Na koma. Amma makullin kabad yanzu a aljihunsa yake kwana. Idan ina son kwalin yanka, wanda nake ɗorawa a kan yadi in bi zanensa, sai na jira ya buɗe ya tsaya a kaina. Ran nan wayata ta yi ƙara, Umma ce, ina juyowa na gan shi a bayana yana gyara zaren da ba abin da ya same shi. Kwana shida na yi a haka. A na bakwai na same shi shi kaɗai na gaya masa zan tafi ƙarshen wata, na gaya masa wurin wa, don kada ya ji a bakin wani. Na ce duk kwalayen yankan da na zana a shagonsa nasa ne, ko ɗaya ba zan ɗauka ba, kuma zan yanka rigunan asibitin kafin in tafi.

Ya dube ni ya ce, “Ashe dai Kawunki bai yi kuskure ba tun farko.”

Na koma teburina na ƙarasa yankan da na fara.

Ban yarda da matar nan duka ba, Kawu, kuma na gaya mata haka. Mun shirya da ita zan yi wata ɗaya na gwaji, ita ta gwada ni, ni ma in gwada ta. Na san za ka so sanin sunanta da sunan shagon da layin da yake. Yanzu na san su duka, amma ba zan rubuta maka ba tukuna. Idan za ka aiko da takarda, ka aiko ta ɗakina. Umma kuma ka bar ni in gaya mata da bakina.

Ka je ka ga Dogo idan gwiwa ta bari. Shi ya rasa mai yanka, kai ba na so ka rasa aboki.

'Yarka,
Auta